Ajiye jirgin ruwa da hunturu: ya ake maganin danshi da wari?

MaiFito_Guri:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masunta da masu fito da duk wanda ya san harkar jirgi. Jirgina na faiba ne mai inji, da shi nake fito da damina in ruwa ya yanke hanya, in ɗebi mutane da buhuna ranar kasuwa, wani lokaci har da kwandunan kifi. To yanzu ruwa ya ja baya, mashin ma yana ratsawa, ni kuma zan koma gonar alkama sai wata daminar in Allah ya kai mu. Bara na jawo shi tudu na lulluɓe shi da tamfol na ɗaure tamau saboda ƙura da awaki, amma da na buɗe gab da damina wlh abin ba kyau, rigunan ruwa masu hana nutsewa duk sun yi baƙin fumfuna, soson kujera a jiƙe, akwatin gaba kuwa kana buɗewa sai ka kau da kai don wari. Abin da ya ɗaure min kai, hunturu ai bushewa ake yi, leɓe ma tsagewa yake, to ina danshin ya fito? Kuma bana ya zan yi? Don Allah a taimaka da shawara.

Sani_Auyo:
Wa alaikumus salam. Raɓa ce malam, ba wani abu ba. Bakin fadama raɓa ba ta ƙarewa ko da hunturu ne.

Injiniya_Tiga:
Sani ya taɓo gaskiya amma ba raɓar waje ba ce ta yi ɓarnar, ta ciki ce. Malam mai fito, danshin nan kai ka rufe shi a ciki tun ranar farko ba tare da ka gan shi ba. Jirgin faiba kusan kowanne akwai daɓe a ƙasa, kuma tsakanin daɓen da cikin jirgin akwai rami inda ruwa yake kwanciya, wasu ma an cusa musu soso a wurin don kada su nutse, shi kuma soson in ya tsufa yana shan ruwa ya riƙe. Kai ka kwashe wanda kake gani da kwano ka ga ya bushe, amma na ƙasan yana nan. Da rana tamfol ya ɗau zafi, ruwan nan ya tashi ya zama tururi, ba shi da hanyar fita. Da dare sanyi ya sauko, a Disamba da Janairu nan yankin namu awon sanyi yana sauka wajen 12 ko 13 da asuba, tamfol ɗin ya yi sanyi ƙalau, tururin ya taru a jikinsa daga ciki ya ɗiɗɗigo kan kujeru da riguna. Gobe ma haka, jibi ma haka, har wata biyar ko shida. Daidai yake da murfin tukunya in an sauke tuwo an rufe.

A waje iskar hunturu danshinta yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, fumfuna kuwa ba ta samun kama wuri sai danshi ya haura wajen kashi 70. Kaga iskar da ka tare da tamfol ita ce maganin da Allah ya ba mu kyauta.

MaiFito_Guri:
Ikon Allah. Injiniya gsky akwai daɓen kam, kuma in na ɗaga gaban jirgin ina jin ruwa yana motsi a ciki. To ta ina zan fitar da shi?

Injiniya_Tiga:
Duba baya can ƙasa, ƙarƙashin inda kake ɗaura inji, akwai toshiya, wasu ta roba wasu ta ƙarfe mai zare. Ka cire ta, ka ɗaga gaban jirgin kan bulo ko kututture ya zama baya ya fi ƙasa, ka bar shi haka yana tsiyaya. Ba aikin yini ɗaya ba ne, in soson ya sha ruwa sai ya yi makonni yana ɗiga. Toshiyar kuma ka ɗaure ta da igiya a jikin hannun inji ko wani wurin da dole sai ka gan ta ranar da za ka mayar da jirgi ruwa, don akwai waɗanda suka tura jirgi babu ita.

Baba_Kafinta:
Yara ku yi hattara kar mai kwale-kwalen katako ya karanta wannan ya ce shi ma zai busar da nasa. Abin da yake gyara faiba shi yake kashe katako. Ni aikina kenan tun ina saurayi, haɗa jirgi da ɗinke shi. Katako in ya sha iskar hunturu motsewa yake yi ta faɗinsa, tsawonsa ba ya canzawa, sai ka ga bakin allo da allo ya buɗe har ka zura yatsa, kwaltar da aka liƙe ta ɓamɓare, audugar da aka cusa ta zubo. Wanda aka sassaƙa daga gungume ɗaya, irin na maɗaci, shi kuma tsagewa yake daga hanci, kuma tsagar hanci ba ta ɗinkuwa yadda ya kamata. Mu abin da muka taras iyayenmu suna yi, in za a ajiye jirgi a nutsar da shi gaba ɗaya a inda ruwa ba ya ƙafewa, a danne da duwatsu, a ɗaure shi da turke. Ranar da ake so a ɗago a kwashe ruwan a wanke, shi kenan.

Habu_Dabi:
Baba ranka ya daɗe, ni dai abin nan yana ba ni mamaki. Ruwa ne fa yake ruɓar da katako, ya za a ce a nutsar da shi kuma ya tsira?

Baba_Kafinta:
Ɗana je ka duba duk tsohon jirgin da ya ruɓe ka gaya min ta ina ya fara. Ba ta ƙasan da kullum yake cikin ruwa ba, ta bakin ruwa yake farawa, inda yau jiƙe gobe bushe, sai kuma ƙarƙashin kujeru inda laka take maƙalewa.

Malama_Kimiyya:
Maganar Baba haka take ko a karatu. Abin da yake cin katako wani irin naman gwari ne, dangin fumfuna, kuma yana buƙatar abu biyu a tare, danshi da iska. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 ba bai iya cinsa, wanda kuma ya nutse gaba ɗaya babu isasshiyar iskar da zai rayu da ita. Tsakiyar nan ita ce masifa, watau jirgin da aka bari rabi a ruwa rabi a waje, ko aka jawo shi kan ɗanyar laka aka rufe da leda.

Sani_Auyo:
Toh amma Baba ina za mu samu ruwan da ba ya ƙafewa? Ku na Tiga da Chalawa kun huta, dam ne, ruwa rani da damina. Mu nan wajenmu tafkin da yake riƙe ruwa har bazara duk ciyawar kachala ta cinye shi, in ka nutsar da jirgi a ciki sai ka neme shi da adda. Kuma wanda yake fili ɓarayi sun san hanya.

Dattijon_Hadejia:
Kachalar nan ai ita ce ciwon da ya fi wari damun mu. Da can kogin Hadejia yana cika da damina ya janye da rani ƙasa ta bushe, ciyawar ba ta samun zama. Tunda aka gama Tiga a 1974 aka zo aka ƙara Chalawa a 1992 ruwa ya zama ana sako shi ko da rani, wasu magudanan ba sa bushewa sam, ita kuma abin da take so kenan. Ta toshe hanyar jirgi, ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya juya ya shiga gonaki, ga jan baki ya samu gidan kwana yana cinye shinkafa. Daga Guri har Kirikasamma har Nguru kowa kuka ɗaya yake yi.

Injiniya_Tiga:
Baba dattijo gaskiya ne, amma dam ɗin Tiga shi ne kuma yake ba Kadawa da Kura ruwan noman rani, ga ruwan sha na Kano. Magana ce mai tsawo, mu bar ta wani zaman kar mu bar mai fito da warinsa.

Maman_Walida:
Ni ba ni da jirgi amma sana'ata kifi, banda da suya, kuma kwandunana da robobi da buhuna kullum cikin ƙarni suke, don haka wari kam na san shi. Malam mai fito tunda ka ce kana ɗaukar kifi, ƙarnin nan ya shiga duk wata kusurwa, ruwan kifi da majinarsa da ɓawo suna gangarawa ƙarƙashin daɓen da injiniya ya faɗa su ruɓe a can. In ba ka wanke ba ko ka shanya shi shekara zai bushe ne kawai, ruwa na taɓa shi warin ya dawo sabo.

Yadda nake yi kashi biyu ne. Farko toka, ka jiƙa ta ka goge da buhu ko burushi, ita take cire maiƙo, ko ka sa omo in kana da hali. Ka ɗauraye sosai. Bayan nan sai abu mai tsami, lemon tsami ka matse cikin ruwa, ko ruwan tsamiya da aka jiƙa ta kwana aka tace, ka watsa ko'ina ka bar shi ya ɗan jima kafin ka sake ɗaurayewa. Mutane suna tsayawa a omo su ce ƙarni ya ƙi fita, ai omo ba ya kashe ƙarni, tsami ne yake kashe shi. Sai dai in tsamiya ce ka ɗauraye da kyau fa, tana da zaƙi-zaƙi, kiyashi da ƙuda za su taru.

Malama_Kimiyya:
Maman Walida Allah ya ƙara basira. Dalilin shi ne ƙarnin kifi wani sinadari ne dangin amoniya da yake fita in kifi ya fara kwana, yana tashi cikin iska shi ya sa hanci yake kama shi. Da ya haɗu da tsami sai ya koma wani irin gishiri da ba ya tashi, ruwa ya wanke shi. Toka da kanwa dangin juna ne da shi, ba sa kashe shi, maiƙo suke narkarwa. Shi ya sa kar a haɗa toka da lemon a bokiti ɗaya, za su kashe ƙarfin juna ne a yi asara. Ɗaya bayan ɗaya, yadda ta faɗa.

Yaro_Na_Ringim:
Ni a ganina a zuba Hypo kawai a haɗa da lemon tsamin a wuce wurin, ƙarfi biyu kenan, fumfuna da ƙarni duk su tafi lokaci ɗaya.

Nas_Hauwa:
A'a don Allah ƙanina kar ka yi, kuma kar kowa ya gwada. Bilic ko wane iri ne in ya haɗu da abu mai tsami yana fitar da iskar kulorin, guba ce, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Balle mutum ya sunkuya ya zura kai cikin akwatin gaban jirgi yana gogewa, wurin da iska ba ta zagayawa. In za a yi amfani da bilic don baƙin fumfuna a tsarma shi da ruwa zalla, a yi a fili, a ɗauraye, a bari sai wata rana a yi na lemon. Kuma fumfunar kanta in ta bushe kar a kakkaɓe ta a shaƙa, masu asma tana tayar musu da ciwo sosai, a jiƙa tsumma a goge, a ɗaura ƙyalle a hanci.

Yaro_Na_Ringim:
Na gode Anti, wlh ban san haka ba.

Alhaji_Bala_Wudil:
Turaren wuta fa? Mu a shago in ɗaki ya yi warin danshi garwashi muke sakawa a kasko mu zuba turare mu rufe, da safe ƙamshi.

Makaniken_Jirgi:
Alhaji ranka ya daɗe wannan a shago ne, a jirgi mai inji ko kusa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gangarawa yake ya kwanta a ƙasan jirgi da cikin ramin daɓe, kuma duk jirgin da aka yi damina ana zuba masa mai daga jarka to akwai wanda ya zube. Ka kawo garwashi ka rufe da tamfol? Faiba kuma in ta kama wuta ba ta mutuwa da wuri. Ban da haka ma turare rufe wari yake yi na kwana biyu, abin da yake ruɓewa yana nan.

Tunda na shigo bari in faɗi nawa ɓangaren, don kowa yana maganar jirgi an manta inji, alhali shi ne kuɗin. Malam mai fito kar ka bar inji a jikin jirgi, kwance shi ka kai gida. Kafin nan ka sa ƙafarsa a durom mai ruwa mai kyau ka tayar, kar ka kuskura ka tayar a bushe ko na ɗan lokaci ne, akwai wata robar da take jan ruwan sanyaya inji, nan take take ƙonewa. Yana cikin aiki ka zare tiyon mai ka bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa, sannan ka kwance ɗan sukurun ƙasan kafireta sauran ya zube. Fetur in ya yi watanni yana zaune lalacewa yake, mai sauƙin ya tashi ya bar danƙo ya toshe ƙananan ramuka, wannan shi ne rabin injinan da ake kawo min farkon damina. Ka cire fulogi ka ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin ka ja igiya a hankali ya zagaya. Man giya na ƙasa ka zubar ka duba kalarsa, in ya yi fari kamar madara ruwa yana shiga, sau da yawa zaren koma ne ya naɗe bayan farfela ya cinye robar wurin, cire farfelar ka gani. A ajiye shi a tsaye, in dole sai an kwantar to kar ƙafar ta fi kan tsayi, ruwa yana komawa ciki. Tanki da jarkoki su ma a fitar da su daga jirgin, rabin warin da kake ji na mai ne.

MaiFito_Guri:
Oga makanike Allah ya saka da alheri, Yamaha ce mai doki 40, bara a jiki na bar ta kuma sai da aka wanke kafireta kafin ta tashi. To yanzu in na wanke na tsiyaye, in bar shi a buɗe kenan ba rufi? Ƙura fa? Ga awaki da kaji, ga yara.

Usman_Kanada:
Salam 'yan uwa, ni ɗan Jahun ne amma ina zaune a Kanada, kuma na taɓa aikin wucin gadi a wurin da ake ajiye jiragen shaƙatawa a bakin tafki, bari in gaya muku yadda suke yi ko akwai abin ɗauka. Su matsalarsu ta farko ƙanƙara ce, ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka ko kaɗan ya rage a cikin inji ko famfo sai ya fasa shi, shi ya sa suke tsiyaye komai su zuba ruwan hana daskarewa. Wannan bai shafe mu ba. Amma maganar rufi iri ɗaya ce. Suna naɗe jirgi da wata farar leda da ake hura mata zafi ta manne, sai dai kafin nan sai an kafa sanduna a tsakiya rufin ya yi tudu, kuma dole a yanka tagogin iska a gefe da gefe a sa musu murfi mai raga. Jirgin da aka naɗe ba taga, in aka buɗe bayan sanyi, baƙin fumfuna ne tun daga kujera har rufi, a ƙasar da ake ƙanƙara fa. Sannan duk wani abu mai laushi, katifa, riguna, igiya, labule, ana kwashewa a kai gida, akwatuna duk a bar su a buɗe. Suna kuma ajiye robobi masu wani farin gishiri, kalsiyom kulorayid, yana jan danshi ya narke ya zama ruwa a ƙasan robar a riƙa zubarwa.

Habu_Dabi:
Yaya Usman gishirin girki ba zai yi ba? Don wancan ban san inda za a same shi a Hadejia ba.

Malama_Kimiyya:
Gishirin girki ba ya fara jan ruwa sosai sai danshin iska ya kai wajen kashi 75, kaga kenan sai fumfuna ta riga ta samu abin da take so. Kuma yana sa ƙusa da duk wani ƙarfe tsatsa. Wancan na Usman ma in ruwansa ya zube yana cin ƙarfe. Ni a ganina a nan ba a buƙatar ko ɗaya da hunturu, mu iskarmu ta fi kowane sinadari. Gawayi dai yana da amfani a akwatin gaba don yana riƙe wari, a farfasa shi a ƙulle a tsohon ƙyalle, lokaci lokaci a fitar a shanya a rana. Amma a sani gawayi mataimaki ne, ba zai busar da jirgin da ruwa yake kwance a cikinsa ba.

Baba_Kafinta:
Amsar tambayarka mai fito, rumfa. Ka kafa rumfar kara ko zana ka shigar da jirgin ƙarƙashi, sama inuwa gefe iska. Faiba ma ba ta son rana, za ka ga fentin ya koɗe yana fitar da gari in ka shafa hannu. In tamfol ɗin kake son amfani da shi to ka yi yadda yaron nan na Kanada ya faɗa, gwangwala a tsakiya daga hanci zuwa baya, tamfol ya hau kai ya sauko gefe, kar ya taɓa kujeru, gaba da baya a bar su a buɗe. Awaki kuma ƙaya za ka zagaye da ita. Ƙura ba ta kashe jirgi, wanki ɗaya ne.

Sani_Auyo:
Ni fa a kife shi kawai a kan bulo na fi ganewa. Ba ƙura, ba akuya, ba yaron da zai shiga ya yi wasa, ruwa ma da kansa zai zube.

Injiniya_Tiga:
Kifewa tana da kyau ga ƙaramin jirgi marar daɓe. Amma nasa mai daɓe ne, in ka kife ruwan cikin ramin ba zai samu toshiyar ba, zai koma ya kwanta a bayan daɓen ne, kuma yawanci akwai falawud a cikin daɓen nan da allon baya inda inji yake zama, shi ne zai ruɓe. Sai dai a fara tsiyayewa tukuna har ya daina ɗiga sannan a kife. Ko an kife ma a ɗaga shi sosai, ƙasar bakin fadama tana fitar da danshi da dare.

Sani_Auyo:
To ai jirgin da yake ɗaukar mutum da buhuna ba mutum biyu za su juya shi ba, in za a yi sau ɗaya za a yi. Ni dai nawa a kife yake duk shekara ban ga komai ba.

Injiniya_Tiga:
Naka na katako ne ko faiba?

Sani_Auyo:
Katako. Ina shafe shi da baƙin mai kafin in kife, gara ba ta zuwa, kuma bai cika tsagewa ba.

Maman_Walida:
Haba Malam Sani, baƙin man nan ai mu muke shan wahalarsa. Kifin da aka zuba a jirgin da aka shafa wa baƙin mai ana jin sa a baki ko an soya, masu saye su dawo mana da shi. Kuma ruwan da yake wankewa a ciki shi muke sha mu da dabbobi.

Sani_Auyo:
Hajiya ta waje nake shafawa ba ta ciki ba. Ki gaya min abin da talaka zai saya ya maye gurbinsa, fentin jirgi nawa ne galan yanzu?

Baba_Kafinta:
Kowa da gaskiyarsa a nan. Gara kam gaskiya ce, jirgin katako in ya taɓa ƙasa da rani kafin ka ankara ta yi gini a ciki, musamman farin katakon nan da ake kawowa daga kudu, ba shi da ɗacin maɗaci. Wanda bai samu wurin nutsarwa ba ga abin da nake ce masa: a ɗora kan duwatsu ko bulo a inuwa, a zuba toka a gindin kowane dutse, a shimfiɗa buhunan algarara a ciki a riƙa yayyafa musu ruwa duk bayan kwana biyu uku don katakon kar ya bushe ƙarau. Yayyafi na ce, ba a tara ruwa ba. Kwalta a wajen gindi ta fi baƙin mai, tana kamewa ba ta bin ruwa. Man darbejiya ma wasu suna shafawa, ƙwari ba sa son sa.

Nas_Hauwa:
A ƙara da wannan, ruwan da aka bari ya taru a jirgi gidan sauro ne, kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwai ya zama sauro. Masu nutsarwa kuma a tafkin da ruwa ba ya gudu a kula da tsargiya, ƙananan katantanwan da suke manne wa ciyawa da jikin jirgi su suke ɗauke da ita, duk wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti akwai magani.

Dattijon_Hadejia:
Ni abin da ya tsaya min a rai cikin maganar mai fito tun farko rigunan ruwan nan ne da ya ce sun yi fumfuna. Ɗana kar ka raina su. Rigar da ta kwana wata shida a jiƙe zarenta yana ruɓewa, maɗaurin ya tsinke a lokacin da ake buƙatarsa, kuma in tana wari fasinja ba zai yarda ya saka ba, mata musamman, sai a tura ta ƙarƙashin kujera. Ba mu manta hatsarin jirgin ruwan da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai ba a ƙarshen Nuwamba 2021, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan makaranta, Allah ya jiƙansu. Ka wanke su da sabulu, ka shanya a inuwa don rana tana cinye yadin, ka rataye su a ɗaki a igiya, kar ka cusa a buhu kar kuma ka ɗora musu kaya soson ya lotse. Kafin damina ka ja kowane maɗauri da ƙarfi ka gani.

MaiFito_Guri:
Amin Baba, in sha Allahu a ɗaka za su kwana bana. Na je na duba ɗazu, toshiyar tana nan amma ta kafe ta ƙi juyawa, na ɗiga mata mai na bar ta zuwa gobe. Soson kujerun kuma na ɓamɓaro su, biyu sun riga sun lalace. Rumfa zan yi, akwai kara. Abin da ban yanke ba shi ne kifewar, don ƙanena yana tare da Sani, ya ce ɓera da macizai sun fi son jirgin da yake a buɗe.

Habu_Dabi:
Maciji ai ƙarƙashin wanda aka kife ya fi so, inuwa ga sanyi. Mu a nan macijin nan gobe-da-nisa muka taɓa tararwa.

Makaniken_Jirgi:
Ɓera abinci yake bi, in an wanke ƙarnin an share tsabar shinkafa da gero da suka zube daga buhuna ba abin da zai kawo shi. Toshiyar kuma kar ka sa mata filaya da ƙarfi, in ta roba ce za ta karye a ciki ka shiga wani aikin. Zuba mata ruwan zafi tukuna ka gwada da hannu.

Lawan_Miga:
Sallama jama'a, yanzu na shigo na karanta daga sama. Nawa na ƙarfe ne, irin wanda masu walda suke haɗawa, kuma duk shekara tsatsa ce take cin ƙasansa ta ciki inda katakon taka ƙafa yake kwanciya. Baba Kafinta shi ma nutsarwa za a yi ko rumfa?

Baba_Kafinta:
Ƙarfe ba fannina ba ne, amma kar ka nutsar. Ɗage katakan tukuna ka ga yadda ƙasan yake, in ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji wurin ya yi laushi ka kira mai walda tun yanzu kafin layi ya yi tsawo.